FAIFAN ƘARFE DA TASAR RUWA: DARASI A KAN GYARA BANDAR KIFI DA NAMA

Gabatarwa

Jihar Neja, wadda aka kafa a shekarar 1976 aka sa hedkwatarta a Minna, tana cikin jihohin da suka fi arzikin ruwa a ƙasar nan. Kogin Kwara da Kogin Kaduna sun ratsa ta. A cikinta ne aka gina madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, da ta Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990. Daga waɗannan tafkuna da koguna masunta ke fid da tarwaɗa, da karfasa, da kurungu, da giwan ruwa, fatake su saya su kawo Minna da sauran garuruwa. Ban da wannan kuma, ga masu kiwon tarwaɗa a tankuna cikin unguwanni irin su Shango, wadda ke kan hanyar da ta fita daga Minna ta nufi Chanchaga da Suleja.

Kifi kuwa ba ya jiran mai saye. A ƙasa mai zafi irin wannan, in an kama shi da asuba ba a sa masa ƙanƙara ba, kafin dare ya soma lalacewa. Saboda haka tun kaka da kakanni aka dogara da banda, watau a shanya kifi ko nama bisa wuta, zafi ya dafa shi ya tsotse ruwan jikinsa, hayaƙi kuma ya kare shi daga ruɓa. Sai dai banda iri-iri ce. Akwai wadda ke fid da kifi ja-ja-wur mai ƙanshi, wanda zai yi makonni bai canja ba. Akwai kuma wadda ke fid da shi baƙi ƙirin, bayansa a ƙone, cikinsa da ɗanyantaka, bayan kwana uku ya yi tsutsa. Sau da yawa abin da ya raba su bai wuce faifan ƙarfe guda ɗaya da aka gitta tsakanin wuta da kifi ba. Wannan darasi zai bayyana aikin wannan faifai, da na tasar ruwa da akan ɗora a kansa, da yadda mai banda zai yi amfani da su.

Abin Da Ke Faruwa Cikin Murhun Banda

Murhun da aka fi gani wurin masu banda a gari shi ne duro da aka yanke, aka hura itace a gindinsa, aka shimfiɗa ragar waya a bakinsa. A ƙauyukan bakin ruwa kuma akan gina shi da laka. Ko wanne ne, zafi yana isa ga kifi ta hanya biyu. Ta farko ita ce zafin da ke fitowa kai tsaye daga harshen wuta da jan garwashi, irin wanda mai jin ɗumi ke ji a fuskarsa alhali bayansa na jin sanyi. Wannan zafi a miƙe yake tafiya, abin da ya fuskanta kaɗai yake duka. Ta biyu ita ce iska mai zafi da ke tashi sama tare da hayaƙi, ta kewaye kifin ta ko'ina. Banda mai kyau ta hanya ta biyu take samuwa. Ta farko kuwa, in ta yi yawa, illa uku take jawowa.

Illa ta farko, kifin da ke tsakiyar raga, daidai kan wuta, yakan ƙone tun na gefe bai dahu ba. Mai banda sai ya wuni yana juyi yana sāke musu wuri, wajen juyin kuma wasu su karye, darajarsu ta faɗi.

Illa ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa. Fiye da kashi 70 cikin 100 na nauyin ɗanyen kifi ruwa ne. In zafi ya doki fatarsa da ƙarfi tun farko, sai fatar da tsokar da ke ƙarƙashinta su ƙandare, su toshe hanyar da ruwan ciki zai bi ya fita. Mai saye ya ga kifi a bushe, ashe cikinsa a jiƙe yake. Irin wannan shi ne ke yin funfuna da wari a cikin kwando, balle da damina, wadda a Minna takan kama daga watan Afrilu har zuwa Oktoba.

Illa ta uku ta shafi lafiyar mai ci. Tarwaɗar kiwo kifi ce mai maiƙo, haka kuma naman rago da kaza. In maiƙo ya ɗiga cikin garwashi sai wuta ta tashi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ya manne a jikin abincin. A cikin irin wannan hayaƙi akwai wasu sinadarai masu cutarwa, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne benzofayirin. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam. Ba a ganin illarsa a rana ɗaya, a hankali take taruwa cikin shekaru. Mai banda da kanta, wadda ke tsaye cikin hayaƙin daga safe zuwa yamma, ita ce ta fara shan wahalarsa a ido da ƙirji.

Faifan Kare Zafi

Faifan kare zafi wani falle ne na baƙin ƙarfe, mai kauri, wanda aka yanka daidai da siffar murhu amma bai cika faɗinsa ba. Akan ɗora shi bisa sandunan ƙarfe a sama da garwashi, a ƙarƙashin ragar kifi. Ayyukansa huɗu ne:

1. Yana tare zafin da ke fitowa kai tsaye daga wuta, ya zama kamar inuwa ga abin da ke sama.

2. Yana tilasta wa iska mai zafi da hayaƙi su bi ta gefe-gefe, su hau jikin murhu, sa'an nan su bazu bisa raga baki ɗaya. Ta haka na tsakiya da na gefe kan dahu kusan lokaci guda.

3. Da yake ƙarfe ne mai kauri, yakan sha zafi ya riƙe, ya dinga sakinsa kaɗan-kaɗan. In wuta ta yi tsalle ba nan take zafin zai kai ga kifi ba, in kuma ta lafa ba nan take murhu zai huce ba.

4. Yana hana maiƙo faɗawa cikin garwashi.

A nan akwai abin lura. Faifan da kansa yakan yi zafi ƙwarai da gaske. Maiƙon da ya ɗiga a kansa kai tsaye zai soye ya ƙone, ya ba da hayaƙin nan da ake gudu. Saboda haka lalle ne a ɗora wata tasa a samansa wadda za ta tari maiƙon, a kuma ɗaga ta da 'yan duwatsu uku ko guntayen ƙarfe, don iska ta ratsa tsakaninta da faifan.

Tasar Ruwa Da Asalinta

A ƙasar Amurka, musamman jihohinta na kudu, akwai tsohuwar al'ada ta gasa manyan yankan nama a hankali cikin hayaƙi, awa takwas ko goma ko fiye, har naman ya yi laushi yana rabuwa da kansa. Don sauƙaƙa wa magidanta wannan aiki aka ƙera wani murhu mai siffar duro a tsaye: garwashi a ƙasa, tasar ruwa a tsakiya, raga biyu a sama, sai murfi. Kamfanin Weber ya fitar da nasa samfurin a 1981, ya kuwa yaɗu ƙasashe da yawa. Masu amfani da shi sukan riƙe zafinsa tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin santigireti.

Hikimar ruwan ita ce wannan. Ruwa a buɗaɗɗiyar tasa ba ya wuce digiri 100, komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa. In aka ƙara wuta, tafasa kawai zai ƙara, zafin ya tafi wajen mai da shi tururi. Zafin da lita ɗaya ta ruwa ke sha kafin ta ƙafe ya ninka sau biyar da 'yan kai wanda ake bukata a ɗauke ta daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Ashe ke nan tasar ruwa linzami ce ga wuta. Bugu da ƙari, tururin yana hana bayan nama bushewa da wuri, maiƙon da ya faɗa cikin ruwa kuma ba shi da halin ƙonewa.

Amma ruwa ma yana da nasa cikas. Zafin da ya sha daga gawayi ya fito, don haka murhu mai ruwa ya fi cin gawayi. In harshen wuta yana lasar gindin tasa, ruwan kan ƙafe da sauri, in kuwa ya ƙafe ba a lura ba, zafi ya yi sama farat ɗaya, maiƙon da ya taru ya kama ƙuna. A nan ne faifan ƙarfe ke taimakon tasa. In yana ƙarƙashinta, ruwan zai riƙa ɓararraka a hankali, ya daɗe bai ƙare ba, ko ya ƙare ma akwai sauran kariya tsakanin wuta da nama.

Wajibi ne mai karatu ya rarrabe aiki biyu. Wanda ke gasa kaza, ko cinyar rago, ko balangu, ko kifin da za a ci a ranar, ruwa abokinsa ne, domin laushi da romo yake nema. Wanda kuwa ke bandar kifin ajiya, wanda za a ɗaure a kwali a kai kasuwa mai nisa, fitar da ruwa yake nema daga jikin kifin, tururi kuwa gaba yake da bushewa. Shi sai ya cika tasarsa da yashi mai tsabta maimakon ruwa. Yashi zai riƙe zafi, ya shanye maiƙo, ba tare da ya jiƙa iskar murhu ba. In ya so, ya yi awa ɗaya ko biyu na farko da ruwa don kifin ya dahu fata ba ta ƙandare ba, sa'an nan ya janye tasar ruwan ya sa ta yashi.

Yadda Za A Haɗa Murhun

Duk mai walda a Shango ko wata unguwa zai iya wannan aiki da duro mai cin lita 200, wanda tsawonsa ya kusa santimita 88, faɗinsa kuma wajen 57. Ga tsarin da zai bi, ana aunawa daga gindin duro:

1. A yanka ƙofa a ƙasa ta zuba gawayi da kwashe toka, a huda mata ƙananan kafofin iska masu marufi da za a iya buɗewa da rufewa.

2. A yi kwandon gawayi na ƙarfe mai ƙafafu, yadda toka za ta zuba ƙasa, bakinsa ya tsaya wajen santimita 20.

3. A santimita 35 a gitta sanduna biyu, a ɗora faifan. Kaurinsa kada ya gaza milimita 3, gama siririn ƙarfe lanƙwashewa yake yi in ya sha wuta. Faɗinsa ya zama santimita 50, yadda zai bar tazarar yatsu biyu tsakaninsa da jikin duro ta kowane gefe. In tazarar ta yi kaɗan wuta za ta shaƙe ta mutu, in ta yi yawa faifan bai yi aikin komai ba.

4. A ɗora tasa mai zurfin santimita 10 bisa duwatsunta, a yanka wata ƙaramar ƙofa daidai da ita don ƙara ruwa ba sai an ɗaga raga ba.

5. Raga ta farko ta zauna a santimita 58, ta biyu a 73.

6. A yi murfi mai kafar fitar hayaƙi. Wanda ya sami ma'aunin zafi na murhu ya soka shi daidai da raga ta sama.

Mai murhun laka ba sai ya rushe nasa ba. Ya isa ya huda bango ya zura sanduna biyu, ya ɗora faifai bisa wannan ƙa'ida.

Yadda Za A Yi Aiki Da Shi

Da farko a fede kifi, a cire kayan ciki da matsatsaku na kai, a wanke da ruwa mai tsabta. A jiƙa shi kamar rabin awa cikin ruwan gishiri, wajen giram 100 na gishiri a kowace lita. Sa'an nan a jera shi a inuwa, a rufe da raga saboda ƙudaje, har ruwan ya tsane.

A hura gawayi a bari ya kama sosai kafin a ɗora komai. Gawayin ƙirya ya fi daɗewa. Don ƙanshi da launi a sa guntu biyu ko uku na busasshen itace mai tauri, irin su marke ko mangwaro. A sa faifai da tasa, in ruwa za a zuba a zuba mai zafi, a rufe murhu kamar minti 20 har ƙarfen ya ɗauki zafi.

A jera kifi kada wani ya hau kan wani, manya a raga ta ƙasa. A fara da wuta mai sauƙi, sa'an nan a ɗaga zafin zuwa tsakanin digiri 80 da 100 har ya dahu. Tsokar kifi ta dahu in cikinta ya kai digiri 63, ta kaza kuwa sai 74. In na ajiya ne, bayan ya dahu a rage wuta zuwa wajen digiri 60, a ci gaba da busarwa har ya yi sakayau a hannu, in an matsa wuyansa ba a ji taushi ba.

Da kafofin iska na ƙasa ake sarrafa wuta: a buɗe ta ƙaru, a rufe ta ragu. Kafar murfi kuwa a bar ta a buɗe kullum, don hayaƙin da aka tsare yakan sa ɗaci. Hayaƙi mai kyau siriri ne mai shuɗi-shuɗi. Wanda ba shi da ma'auni ya ɗiga ruwa bisa murfi. In ya yi cuu ya ɓace nan take, zafin ya wuce abin da kifi ke so. Kada a riƙa buɗe murfi a kai a kai, kowace buɗewa asarar zafi ce. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi ke dafa dutse ya sha romonsa.

In an sauke, a bar kifi ya huce sarai kafin a ɗaure shi. Wanda aka rufe da ɗuminsa gumi zai yi, gumi kuwa shi ke kiran funfuna.

Gargaɗi

1. Kada a yi faifai da kwanon rufi ko wani ƙarfe mai rufin tutiya, ko mai fenti. In sun sha wuta suna fid da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

2. Kada a yi murhu da duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadarin da ba a sani ba. Ko wanda aka amince da shi ma, a ƙone shi da wuta mai ƙarfi a kankare kafin a fara aiki.

3. Kada a hura wutar banda da roba, ko leda, ko tsohuwar taya, ko katako mai fenti, ko baƙin man mota.

4. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗaki. Yana fid da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuwa kashe mutum cikin barci.

5. In tasa ta ƙafe maiƙo yana soyuwa a cikinta, kada a kwara ruwan sanyi, zai fantsama ya ƙona fuska. A rage wuta tukuna.

6. Kada a fesa wa busasshen kifi maganin ƙwari don korar tsutsa. Guba ce ake ciyar da jama'a. Sinadarin lindan, wanda aka daɗe ana sayarwa da sunan Gammalin 20, an sa shi cikin jerin abubuwan da Yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Maganin tsutsa shi ne bushewa sosai, da ma'aji mai tsabta, da sāke ɗumama kifin a murhu in ya fara taushi.

7. A kankare faifai, a zubar da ruwan tasa ko yashinta bayan kowane aiki.

Abin Da Aka Yi A Wasu Wurare

Neman gyaran banda ba yau aka fara shi ba. A 1969, a ƙauyen masunta na Chorkor da ke gefen birnin Akra a Gana, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tare da cibiyar binciken abinci ta ƙasar da matan garin, suka fito da murhun laka mai tirori da ake jerawa bisa juna. Ya rage cin itace, ya kuma ƙara yawan kifin da ake bandawa a tashi ɗaya, amma bai raba maiƙo da wuta ba. Daga 2008 hukumar ta haɗa kai da wata cibiyar horas da ma'aikatan sha'anin kifi a Thiaroye ta ƙasar Senegal, aka fito da wani sabon tsari wanda ke aiki da garwashi, yana kuma da farantin ƙarfe na tarar maiƙo tsakanin wuta da kifi. Wannan shi ne ainihin abin da darasin nan ke koyarwa.

A nan gida, cikin Jihar Neja kanta, akwai Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabuwar Bussa, wadda ta faro a 1968 a matsayin shirin binciken Tafkin Kainji, ta sami sunanta na yanzu a 1987. Akwai kuma Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona a Ilori. Dukansu biyu sun ƙera murhunan banda na zamani, ƙungiyoyin masunta da masu kiwon kifi suna iya neman shawararsu.

Wanda ke da burin kai kifinsa ƙasashen waje ya sani cewa tun watan Satumba na 2014 Tarayyar Turai ta ƙayyade benzofayirin a cikin bandataccen kifi, kada ya wuce maikirogiram 2 a kowane kilo. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Kifin da aka banda bisa harshen wuta, maiƙo na ɗiga, da wuya ya tsallake wannan awo.

Kammalawa

A ɗauki misalin mai kiwon tarwaɗa a Shango wanda ya yi wata biyar yana sayen abincin kifi. Ranar kwashewa dillalai suka taya da arha, ya ga gara ya banda. In kifi goma cikin ɗari suka ƙone ko suka ruɓe a kwali, ribarsa ce ta tafi, domin ribar kiwo a 'yan kifayen ƙarshe take. Faifan ƙarfe sau ɗaya ake sayensa, ya yi shekaru yana aiki. Wanda ya sa shi ya tsare dukiyarsa, ya tsare idon mai yi masa banda, ya kuma tsare lafiyar iyalin da za su sa kifin a miya. Ana roƙon malaman gona, da shugabannin ƙungiyoyin mata, da sarakunan ruwa, da duk wanda ya iya karatu, su karanta wa waɗanda ba su iya ba, su kuma gwada a gabansu. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi Don Bita

1. Ta hanya nawa zafi ke isa ga kifi a cikin murhu, wacce ce kuma faifan ƙarfe ke tarewa?

2. Me ya sa kifin da bayansa ya bushe da wuri yake saurin lalacewa?

3. Don me ake ɗaga tasa da duwatsu maimakon a ɗora ta kai tsaye bisa faifai?

4. Yaushe ya kamata a zuba ruwa a tasa, yaushe kuma ya kamata a zuba yashi?

5. Waɗanne irin ƙarafa ne bai halatta a yi faifai da su ba, mene ne kuma dalili?